Tambaya da Amsa: Farin kwatiz a kicin, zai jure Damagaram kuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Muna ƙarasa gini ne an zo kan kicin, ni dai raina ya biya da farin dutsen nan kwatiz da nake gani a hotuna a waya, fari tas da ɗan zane zane kamar marbur, shi nake so a ɗora min a teburin girki. Maigida yace a zuba siminti a manna karo, wato tayil, kamar na kowa ko a sa garanit, wai farin abu da ƙurar garin nan wahala zan janyo ma kaina. Ƙaninshi yana zuwa Kano sari yace zai iya taho mana dashi. Yana da ƙarko? Baya kama manja? Kicin ɗin ciki ne, gaz zan sa, yana da babbar taga ta yamma.

Wata uwargida daga Karkada, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya sa a shiga lafiya. Toh farko dai ki sani kwatiz ɗin nan ba dutse bane da aka yanko daga tsauni kamar garanit, haɗa shi ake a masana'anta. Ana niƙa dutsen kwatiz ya zama gari, shine kusan kashi 90 cikin 100, sauran kuma wani danƙo ne na roba da ake kira rezin da kala, a matse su a gasa. A Italiya aka ƙirƙiro dabarar, kamfanin Breton, daga baya irinsu Silestone na Sifen suka yaɗa shi, yanzu kuma Sin da Indiya suna yin shi da yawa. Danƙon nan shine alherinsa shine kuma matsalarsa.

Alherin shine baya shan ruwa sam, babu ƙofofin da mai zai shiga ya zauna. Manja, zoɓo, shayi, tumatirin gwangwani, in kika goge da wuri shikenan. Amma kurkum da lalle in suka kwana a kan fari zasu iya barin inuwa, kar wani mai shago ya rantse miki cewa baya tabo ko kaɗan. Nan kam yafi karo nesa ba kusa ba, dan karo ba shi ke baƙi ba, layin simintin dake tsakani ne ke cika da maiƙo har ki gaji da dirza.

Maganar ƙura kuwa ki gaya ma maigida a hankali, hazon hunturu yafi fitowa a baƙin dutse mai sheƙi akan fari, duk mai baƙar mota a garin nan ya sani. Abinda zaki kiyaye shine kar ki riƙa share ƙurar a bushe, yashi ne a ciki kuma sannu sannu yana dushe sheƙin, ki jiƙa tsumma da ruwa da ɗan sabulun wanke kwanuka. Banda zabel, wato bilicin wanki, banda soson ƙarfe.

Abinda ya tsaya min a rai a wasiƙarki tagar yamman nan ce. Rezin baya shiri da rana, in tana dukansa kai tsaye kullum farin sai ya fara komawa ruwan ɗorawa, kuma ba tabo bane da zaki wanke, jikin abun ne ya canza, gashi wurin da ranar ke sauka kaɗai zai yi sai teburin ya zama kala biyu. Kinsan ranarmu ta Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40 kuma daga azahar zuwa la'asar ta yamma take shigowa. Ko dai a yi ma tagar rumfa daga waje ki sa labule mai kauri, ko a mayar da teburin bangon da rana bata kaiwa. Wadda kicin ɗinta na tsakar gida ne kuwa ko rumfa, da itace ko gawayi take girki, ta manta da kwatiz kawai.

Sai wuta. Tukunyar da kika sauke yanzu daga gaz, ko kaskon suya, in kika dire kai tsaye danƙon zai ƙone ya bar zobe, wani lokacin ma ya tsage, daga wajen digiri 150 yake fara lalacewa kuma gindin kasko ya wuce haka. Katako ko faifai zaki ajiye kusa da murhu kullum, ki koya ma yara da mai taya ki aiki tun ranar farko dan yawanci ba uwargida ke yin ɓarnar ba. Murhun gawayin shayin maigida ma kar ya hau. Turmi a ƙasa, gefen teburin na ɓantarewa in aka buga. Garanit shi ba ruwansa da rana kuma yafi jure zafi, nan maigidanki yana da gaskiya, dama garin namu ma a kan garanit yake zaune.

In kin yanke sayen, kafin ƙaninku ya biya kuɗi ya karɓo guntu ya kawo miki. Ki ɗiga manja da zoɓo da lemun tsami ki bari ya kwana, ki kuma karta da bakin wuƙa. Na kirki wuƙa bata cinsa, in ya karce ko lemun ya dushe wurin toh an cika shi da garin farar ƙasa ne ko marbur ne aka canza ma suna. Ni da zaki ji ta tawa kar ki ɗauki fari fat, ki ɗauki mai ɗan ɗigo ɗigo ko zane mai ruwan toka, mai sheƙi, yafi ɓoye ɗan tabo. Kaurin santimita 2 ya isa in ƙasan a daidaice yake, kuma ko shi murabba'in mita ɗaya kusan kilo 50 ne, dan haka a tsaye ake ɗauko shi a mota ba a kwance ba, tafiyar sama da kilomita 200 ce daga Kano, in an riga an huda ramin lababo, wato wurin wanke kwanuka, nan yake karyewa. Kar a auna sai an gama gina ƙasan teburin.

Wajen yanka dan Allah ki sa ido. Ƙurarsa na cinye huhun masu aikin, ciwon silikosis, baya warkewa, shi yasa Ostireliya ta hana haɗa shi da sayar dashi da ɗora sabo tun 1 ga Yuli 2024. In an riga an ɗora ba abinda zai yi miki, amma duk gyaran da mai aikin zai yi a gidan ya fita waje dashi, yana yanka ana zuba ruwa, ya rufe hancinsa da takunkumi na kirki, yara su matsa nesa.

A tsarin kicin ɗinki ni zan sa garanit gefen murhu da ƙarƙashin tagar, farin kwatiz ɗin ya tafi ɗaya bangon inda zaki riƙa yanke yanke da jera kwanuka, kinga kuɗin ma sun ragu.