Filin Ulu da Kwarashi: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum masu saƙa. Iska ta fara juyawa, leɓe ya fara tsagewa, kun dai san abin da ke tafe, nan da watan Disamba wadda ba ta gaishe ki ba tun babbar sallah za ta aiko yaro da ulu ƙulli biyu wai a saƙa ma ɗanta hula gobe-gobe. Saƙonni sun taru, ga waɗanda na samu damar amsawa.

Tambaya: Anti an wuni lahiya? Ni dai hular jariri nika son in saƙa ma ɗan ƙanwata, sau ukku ina kwancewa, ta hwarko bakinta ya yi lanƙwashe-lanƙwashe awa ganyen salak, ta biyu ko tun ban yi nisa ba ta dunƙule awa ƙoƙo, ko kan 'yar tsana ba ta shiga. Mi ka kawo haka don Allah? Daga wata mai koyo, Mabera.

Amsa: Lafiya lau ƙanwata. Hannunki ba shi da laifi, ƙirga ce ba ki yi, kuma kada ki ji kunya don ni ma hulata ta farko gwaggona murfin kofi ta mai da ita, ta fi shekara tana rufe kunu da ita. Hula daga tsakiyar kai ake farawa, a yi da'ira shimfiɗaɗɗa kamar faifai, kuma faifan nan yana da lissafinshi. In da dobul kike yi, wato ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ki soka, ki jawo, zarge uku ke nan a kai, ki fitar da biyu ki sake fitar da biyu, to zagayen farko ido 12 za ki sa. Ni ido nake ce ma kowace saƙa guda, don in kin dubi samanta kamar ido take. Zagaye na biyu ki sa biyu cikin kowane ido, ya zama 24. Na uku ɗaya a nan biyu a na gaba, 36. Na huɗu ɗaya, ɗaya, biyu, 48. Kowane zagaye 12 ake ƙarawa ba ragi ba ƙari. In da singil ne, gajeriyar nan da ba a naɗa zare kafin a soka, da 6 ake farawa kuma 6 ake ƙarawa. Waccan da ta yi ganyen salak ƙari ya yi mata yawa, wadda ta yi ƙoƙo kuma kin daina ƙari da wuri.

To yaushe ake daina ƙarin? Nan ne tef ɗin tela yake shigowa, ki sa shi cikin jakar saƙarki ya zauna. Kan sabon jariri yawanci kewayensa santimita 34 zuwa 35 ne, hular kuma ana so ta ɗan gaza kaɗan don ulu yana miƙewa, mu ce 33. Ki raba 33 gida uku ki ɗan rage, wajen santimita 10 da rabi ke nan, to da faɗin faifanki daga baki zuwa baki ya kai haka sai ki tsaya da ƙari, ki ci gaba ɗaya cikin kowane ido, da kanta za ta lanƙwaso ƙasa, ki bi ta har tsayinta daga tsakiya ya kai santimita 12 ko 13. Farkon kowane zagaye ki maƙala fil ko guntun zare mai wata kala. Kuma don Allah zagaye huɗun farko a ajiye waya a rage fira, in kin wuce su ko kallo kike yi hannu zai tafi da kansa.

Tambaya: Hajiya shawul nika yi na goyo, ƙasanshi hwaɗi samanshi sai tsukewa shikai. Maman 'yan biyu, Arkilla.

Amsa: Maman 'yan biyu ido kike zubarwa a bakin layi. In kin juya kin yi cen uku, wato 'yar sarƙar nan ta zarge cikin zarge, cen ukun nan a madadin dobul guda yake, to in kin dawo ƙarshen layi dole ki soka a samansa, shi ne mutane suke tsallakewa don a matse yake ba ya son kwarashi ya shiga. Layi ɗaya ido ɗaya ya tafi, layi 20 kin yi asarar 20. Ki ƙirga ƙarshen kowane layi. Kwancewa kam ba makawa, ki yi haƙuri.

Tambaya: Ɗiyata, na saƙa ma jikana suwaita na wanke na shanya ga igiya ta zama doguwa, na ce bari in goge ta, tana ganin dutsin guga ta lahe tana ƙyalli. Akwai gyara? Wata kaka daga Runjin Sambo.

Amsa: Inna ina gaisuwa, Allah ya raya jika. Gaskiya ba gyara, sai dai a ba mage ta kwanta. Abin da muke kira ulu a kasuwa, ko Babbar Kasuwa kika je ko Tsohuwar Kasuwa, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, dangin roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, shi ya sa da ya ji zafi yake narkewa ya lafe kuma ba ya komawa yadda yake. In kina son ki gane, ki yanko ɗan guntu ki riƙe da cokali mai yatsu ki kai ga ashana a tsakar gida nesa da yara, na roba zai dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, na auduga zai ci kamar takarda ya bar toka, na tunkiya kuma warin ƙonannen gashi za ki ji. Wanki kuma da ruwan sanyi, a matse a hankali cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa a tabarma cikin inuwa. Igiya nauyin ruwa ne yake ja ƙasa, shi ya tsawaita ta.

Tunda maganar ta zo, masu saƙa abin sauke tukunya da na ɗora kula mai zafi, da zaren auduga ake yinsu, na roba zai narke ya manne a hannu. Haka rigar yara ta bazara, garin nan namu na Sakkwato da daga Maris zuwa Mayu zafi yake haura digiri 40, ki sa ma yaro rigar akirilik ai ƙurajen zafi kika saya masa da kuɗinki. Ko a hunturu ma jariri in yana cikin ɗaki zai yi barci a cire masa hula, zafi yana yi musu yawa ba mu sani ba, mu dai mun ga ya yi kyau.

Tambaya: Anti a YouTube nake koyo, wata ta ce dobul na ga ta naɗa zare, wata ta ce dobul ba ta naɗa ba, wa ke da gaskiya? Ɗaliba daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amsa: Duka biyun. Turawan ne ba su shirya tsakaninsu ba. Abin da 'yan Amurka suke ce ma singil shi 'yan Ingila suke ce ma dobul, dobul ɗin Amurka kuma a Ingila tirebul ne, suna ɗaya aiki biyu. Dabarar ita ce in kin ji kalmar singil ko sau ɗaya to lissafin Amurka ne, don Ingila ba su da ita, kuma ni a filin nan na Amurka nake bi. Mafi sauƙi ki rage gudun bidiyon ki kalli hannunta ki bar bakinta. Kwarashin ma sunan aro ne, asalinsa Faransanci, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya, kuma ba yau ya fara ciyar da gida ba, lokacin yunwar da ta faɗa ma ƙasar Ayalan daga 1845 mata da yara da saƙar leshi ta kwarashi suka riƙa samun na abinci. Na ga hoton da kika turo, saƙarki ta matse da yawa, kwarashi mai lamba 2.5 ya yi ma wannan ulun ƙanƙanta, ki koma 4, lambar kaurin ƙugiyar ce a milimita, kuma ki duba takardar da ke naɗe da ulun yawanci suna rubuta wanda ya dace.

Tambaya: Malama ni tela na, ina sha'awar abin amma abokai na cewa aikin mata na.

Amsa: Malam ka tambaye su su wa ke zama a masaƙa suna saƙa fari da saƙi tun zamanin kakanni, su wa ke ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga a bakin zaure. Ka sayi kwarashi lamba 5 da ulu mai haske, baƙi ba a ganin ido, ka yi cen har ya daidaita.

Tambaya: Anti guntayen ulu sun cika min leda, zubarwa zan yi? Kuma nawa zan sa ma takalmin jarirai? Amarya daga Gawon Nama.

Amsa: Amarya kada ki soma. Guntaye su ne maƙalin makulli, ribom na 'yan mata, jakar waya, fulawar da ake liƙa ma hula, ko ki yi ƙananan murabba'ai kala-kala duk girma ɗaya ki tara, ranar da suka yi yawa ki haɗe su bargo. Ledar ma da kika zuba su ciki ana yanka irinta zobe-zobe a sarƙafe ta zama zare, da babban kwarashi a yi jakar cefane wadda ruwa ba ya dama da ita. Abu ɗaya, kayan yaron da bai kai shekara 3 ba kada ki sa duwatsu ko ƙananan maɓallai, baki suke kaiwa, ki yi adon da zare.

Kuɗi kuma ba zan yanke miki ba don ulu kullum da sabon farashi. Ki rubuta abin da kika kashe har kuɗin keke napep zuwa kasuwa, ki duba agogo awa nawa ƙafa biyun suka ci, ki sa ma awar kuɗi. Za a ce miki na kanti ya fi araha, ki ce eh inji ne ya yi shi, irin saƙar kwarashi kuwa har yau hannu ke yinta. Kuma in aikin oda ne ki karɓi kuɗin ulu tukuna, ki saye shi gaba ɗaya rana ɗaya, don ja na yau da ja na wata mai zuwa ba lallai rininsu ya zo ɗaya ba, sai kin fito rana za ki ga ƙafar dama ta fi ta hagu duhu.