Re: Semesta ta haɗe min da jinyar Baba da zaman shago, in ajiye karatun ne?

Wa alaikumussalam ƙanina. Da farko Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta abin da ka rubuta, kana aji uku a jami'a, kana tsaron shago a Kantin Kwari, Baba yana kwance a asibiti kai ne mai kwana da shi, tes ya wuce ka har biyu ga jarabawa ta matso, shi ne kake tambaya ko ka haƙura da bokon gaba ɗaya. Na ga ƴan uwa sun cika ka da "ka yi haƙuri, ka dage da addu'a", kuma gaskiya suka faɗa, amma ni bari in ƙara maka da abin da na gani da idona, don nima a haka na yi digirina, da safe aji da yamma kasuwa, kuma ana tsaka da semesta Hajiyarmu ta kwanta ciwo.

Abin da yake kashe ɗalibi a irin wannan halin shiru ne. Mu ƴan Kano akwai mu da zurfin ciki da jin nauyi, mutum zai ɓace daga makaranta wata guda bai faɗa wa kowa ba wai kar a ce ya fiya ƙorafi, sai an kafe sakamako sannan ya zo yana bin ofis ofis da takardun asibiti yana "wallahi sir babana ne ba lafiya". A lokacin ko malamin yana son taimakonka hannunsa a ɗaure yake, ya riga ya miƙa maki, an zauna a kai a sashe. Saboda haka tun yanzu ka je wajen kodinetan ajinku, wato malamin da ke kula da al'amuran ƴan ajin, aikinsa ke nan, ka faɗa masa komai ba ɓoye ɓoye. Kuma ka rubuta, kar ka tsaya a fatar baki. Wasiƙa gajeriya zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta, ka maƙala hoton katin asibitin da takardar kwantarwa, ka yi kwafi biyu a sa maka hannu da kwanan wata a ɗaya ka ajiye a gida. Wannan takardar ita ce za ta yi maka magana ranar da kowa ya manta an taɓa yin zancen.

Da ita za ka bi malaman da tes ɗinsu ya wuce ka. Wani zai ba ka ranar ramuwa, wani zai ce ka kawo asainmen a madadinsa, wani kuma zai ce maka babu, to shi ke nan, ka yi godiya ka fita kar ka tsaya musu. Amma ka gwada, domin makin CA, wato na tes da asainmen, a yawancin makarantunmu 30 ne ko 40 cikin 100, in ka shiga jarabawa da sifili a nan to kana neman duka makin cin kwas ɗin daga abin da ya rage, abin da wuya ko ga wanda hankalinsa yake kwance. Sannan akwai dokar nan ta halartar aji kashi 75 cikin 100, wasu malaman ba ruwansu da ita wasu kuma da ita suke hana mutum shiga zauren jarabawa, ka san su waye a sashenku, kilas ref ɗinku, wato wakilin ajinku, ya san su sarai.

To yanzu maganar lissafi, nan ne yara da yawa ba sa zama su duba. Ba za ka iya ceto duk kwasakwasan nan ba a wannan semestar, ka cire wannan a ranka. Ɗauko fom ɗin rijistarka ka duba yunit, wato nauyin da aka ba kowane kwas. Sakamakon A yana da maki 5, B 4, C 3, haka har F sifili, kuma ana ninka shi ne da yunit ɗin kwas. Ke nan C a kwas mai yunit 3 maki 9 ne, A a mai yunit 1 maki 5 ne kacal. Sai ka ga yaro ya kwana yana haddace hendawut ɗin ƙaramin kwas don yana masa daɗin karatu, ya bar babban kwas ɗin sashe wanda in ya faɗi ba zai iya ɗaukar na gaba da shi ba. Fara da manya, musamman irin waɗanda sai ka ci su za a bar ka ka yi rijistar wani a aji huɗu, su ne suke jawo wa mutum ƙarin shekara. Kuma wannan karon C ba abin kunya ba ce wallahi, CGPA, wato matsakaicin makinka na duk semestoci, ana gyara shi daga baya, keri oba, wato maimaita kwas ɗin da ka faɗi, guda ɗaya ma ba mutuwa ba ce, mun ga waɗanda suka ɗauke ta suka fita da sakamako mai kyau.

In kuma ka zauna ka ga abin ba zai yiwu ba sam, misali jikin Baba ya ƙara tsanani Allah ya kiyaye, akwai bambanci babba tsakanin ka ajiye karatu da ka nemi a dakatar maka da shi a hukumance. Na biyun ana rubutawa ne, a amince, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Wanda ya ɓace kawai kuwa F ce za ta jeru masa a duk abin da ya yi wa rijista, ga shi digirin shekara 4 yawanci shekara 6 ce iyakarsa. Kai da ka riga ka ci aji biyu da rabi, ka sha fama da kuɗin adaidaita sahu tun da aka cire tallafin mai a 2023, haba, ai ba yanzu ne lokacin zubarwa ba.

Maigidanka na kasuwa shi ma ka same shi, amma ba a gaban kwastoma ba, ka bari an tashi ko ka bi shi gida bayan Isha'i. Kar ka ce masa "ina so a rage min aiki", ka je masa da magana a ƙulle: Alhaji daga ranar kaza zuwa ranar kaza ina jarabawa, ina roƙon safiya, zan shigo bayan Azahar, ga wane zai riƙe min. Ƴan kasuwa sun fi gane magana mai rana da wata. In akwai wani babba da yake jin nauyinsa, kawunka ko limamin unguwarku, ka tafi da shi.

Jinya kuma, ƙanina, ka yi min uzuri zan faɗa maka gaskiya. Ba ka ce kai kaɗai Baba ya haifa ba. A gidajenmu duk wanda ya fi sanyin hali shi ake bar wa kwanan asibiti, sauran su zo dubiya da yamma da kular abinci su zauna a tabarma a yi hira a watse. Ka tara yayyenka da ƙannenka a gaban Umma a raba kwana, kai a ba ka daren da washegari ba ka da takarda. Wannan ba rashin biyayya ba ne, Baban da kansa in ya ji ka bar makaranta saboda shi ba daɗi zai ji ba. Daren da kake can kuma ka sa abokanka su turo maka rikodin lakca da tsofaffin tambayoyin jarabawa ta WhatsApp, ka saƙala abin ji a kunne, ni yawancin abin da na ci a waccan semestar a barandar asibiti na saurare shi, tsakanin zuwan nas da zuwa siyo magani.

Sai barci. Don Allah ka rabu da masu cewa a kwana ana karatu har Asuba da goro da lemon ƙarin kuzari, mutumin da ya wuni a tsaye a Kwari in ya yi haka biro kawai zai riƙe a zaure yana kallon takarda. Balle wanda zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana buɗe kai, ka guje shi, yara da yawa a garin nan ta ƙofar jarabawa suka shiga wannan masifar. In ka ga barcin ya ƙi zuwa ko da ka samu dama, abinci ba ya shiga, ƙirji yana bugawa, ko ka fara jin gara ma ka huta da duniyar, to wannan ya wuce gajiya, ka je asibitin makaranta ka ga likita, cikin kuɗin rijistarka akwai na lafiya ai, kuma ka faɗa wa wani na jikinka a ranar.

Maganar kuɗi ba ka yi ta ba amma na san tana nan. In rijistar baɗi ce take tsorata ka, ka duba bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a cikinsa, sai dai kar ka ɗora lissafin wannan watan a kai don ba ya fitowa da wuri.

Ka faɗo mana sashen da kake da kwasakwasan da tes ɗinsu ya wuce ka, akwai waɗanda suka gama a gurup ɗin nan da za su iya turo maka tsofaffin tambayoyi. In rubuta wasiƙar ce ta yi maka wuya ka yi min magana ta inbos yau da daddare in tsara maka, ranar Litinin da safe ka kai.