Tambaya da Amsa: Su wa ye Turawan nan huɗu masu goge?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a nan Tudun Wada, Kaduna, ina yawan kunna waƙa a waya in ina ɗinki. Kwanaki na ci karo da wani bidiyo a YouTube, wata mata 'yar Mali tana rera waƙa, ga mai balafon a gefe, abin kiɗan nan na jeren katako da ake bugawa da sanduna, sai kuma wasu mutum huɗu zaune da abubuwa kamar goge, ɗaya ma babba ne har ƙasa ake jingina shi. An rubuta Kronos. Dan Allah su wa ye, kuma abin nan gogenmu ne suka kwaikwaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai amma kunnenka ya iya zaɓe. Waɗanda ka gani Kronos Quartet ne, 'yan Amurka, kuma sun haura shekara 50 a wannan harka.

Bari in fara da kayan kiɗan tukuna. Tsari ne tsoho na Turai, mutum huɗu: biyu da biyolin, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, sai celo, wato babban nan da ka ce ana jinginawa a ƙasa. Tun ƙarni na 18 Joseph Haydn na Ostiriya ya daidaita tsarin. Ba kwaikwayon gogenmu ba ne, amma dangi ne, dan duka da baka mai izgar doki ake goga su. Bambancin, goge tsirkiya ɗaya gare shi da ƙwarya da aka rufe da fata, nasu kuma katako ne da tsirkiya huɗu-huɗu.

Wani mai biyolin David Harrington ne ya kafa su a 1973 a birnin Siyatil, bayan ya ji wani kiɗa na George Crumb a rediyo mai suna Black Angels, wanda aka tsara a 1970 lokacin yaƙin Biyetnam. Kiɗan ya hana shi sukuni, ya ce sai ya buga shi, to mutum ɗaya ba ya iya bugawa, dole ya nemo uku. Abin dariya, kiɗa na farko da suka sa aka tsara musu, malaminsa Ken Benshoof ne ya yi, kuma ladan da aka ba shi ledar donat ce, irin fanken nan na Turawa. Yau ga shi an tsara musu sabbin kiɗe-kiɗe sama da 1,000. A 1978 suka koma San Faransisko, can suke har yanzu.

Abin da ya raba su da sauran shi ne ba su tsaya kan kiɗan mutanen da, irin su Mozart da Beethoven ba, su mai tsara kiɗa da ke raye suke nema, su je su same shi su ce tsara mana sabo, ko daga ina yake. Haka aka yi faifan Pieces of Africa a 1992, wanda ya hau saman wani jadawalin faya-fayai na mujallar Billboard ta Amurka. A ciki akwai Foday Musa Suso na Gambiya mai kiɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, Obo Addy na Ghana, Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Justinian Tamusuza na Yuganda, Kevin Volans na Afirka ta Kudu, da Hassan Hakmoun na Maroko mai kiɗan Gnawa, su Gnawan nan kuwa zuriyar mutanen da aka kwasa ne daga kudu da Sahara, shi ya sa in ka saurara za ka ji wani abu kamar na gida. Ni wanda ya fi kama ni shi ne na Hamza El Din, Banube daga Masar, kiɗan yana kwatanta injin jan ruwa na gargajiya da shanu ke juyawa a bakin Nilu, yana ta zagayawa a hankali yana ƙara nauyi, wallahi in kana taka keken ɗinki zai yi daidai da ƙafarka.

Wanda ka gani kuma daga faifan Ladilikan ne na 2017, da suka yi da Trio Da Kali. Mai waƙar Hawa Kassé Mady Diabaté ce, 'yar gidan waƙa ce gaba da baya, mahaifinta Kassé Mady babban mawaƙi ne a Mali, da Bambara take yi, mai balafon ɗin kuma Lassana Diabaté. A ra'ayina wannan ya fi na 1992 daɗi, saboda a nan Kronos sun koma 'yan amshi ne, sun bar mata gaba, ba su cika wurin da gwaninta ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce daga Barnawa. Yayana ya ce wai mutanen da suka fara Kronos su ne har yau. Gaskiya ne?

AMSA: A'a ƙanwata, ki ce wa Yaya ya sake bincike. Harrington kaɗai ya rage daga na farko. Amma yana da ɗan uzuri, dan John Sherba mai biyolin na biyu da Hank Dutt mai biyola sun yi sama da shekara 45 tare da shi, sai a 2024 suka yi ritaya, Gabriela Díaz da Ayane Kozasa suka gaje su. Kujerar celo ce ta fi canza hannu, Joan Jeanrenaud ta riƙe ta daga 1978 zuwa 1999, bayanta an yi mutum uku kafin Paul Wiancko ya karɓa a 2023.

Wataƙila da Amadeus Quartet na Ingila ya haɗa su. Waɗancan kam mutum huɗu ne ba canji tun 1947, uku cikinsu Yahudawa ne da suka gudo daga birnin Biyana na Ostiriya saboda Hitila, kuma da mai biyolarsu Peter Schidlof ya rasu a 1987 sai sauran suka ƙi ɗauko wani, suka rufe ƙungiyar gaba ɗaya.

Tunda ɗaliba ce ke, Kronos suna da wani shiri da suka sa aka tsara kiɗa 50 sababbi, suka zuba takardun da sautin kyauta a intanet dan masu koyo. Ki dai tanadi data, kuma ki sa iyafis, dan muryar celo ba ta fita a sifikar waya.