Kyanwoyi Uku da Ƴaƴa Uku a Kwano Ɗaya: Yaya Zan Ciyar da Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi. Kyanwoyi uku gare ni: wata ta haihu mako biyar da suka wuce, ƴaƴa uku, wata tsohuwa da ta haura shekara 12 a hannuna, ta rame, kullum tana gindin randa tana shan ruwa, sai muzuru da aka dandaƙe, ya yi ƙiba har ba ya iya hawa katanga. Safe da yamma nakan zuba musu ragowar tuwo da miya da kan kifi a kwano ɗaya, wani lokaci da madara. Muzurun ne ke cinye fiye da rabi. Yaya zan yi kowa ya samu abin da ya dace da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki ladan kula da waɗannan bayin Allah.

Kafin mu leƙa cikin kwanon, shi kansa kwanon ne farkon matsala. Mu mun tashi muna sa hannu a akushi ɗaya, cin tare a wurinmu zumunci ne. Kyanwa ba haka aka halicce ta ba. Ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take cin ɓeranta, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Idan aka haɗa su a kwano guda, mai ƙarfi ne ke ci, ba mai buƙata ba. Kuma ba sai kin ga faɗa ba. Ki tsaya gobe ki kalla: muzurun zai ɗago kai ya zuba wa tsohuwar ido kawai, ita kuwa ta ja baya ta koma lasar ƙafa kamar ta ƙoshi, alhali ba ta ci komai ba.

Saboda haka kowa da kwanonsa, kowa da wurinsa, inda ba sa ganin juna. Tsohuwar ki shigar da ita ɗaki ki ja ƙofa. Muzurun ki ba shi nasa a zaure. Mai jegon kuwa, tunda muzurun ba ya iya hawa, ki ɗora nata a kan tebur ko wani wuri mai tudu. Ƴaƴan ki samo musu kwali mai ƙwari, ki yanka ƙofa daidai shigarsu, ki kife shi a kan farantinsu, ki danne da dutse. Za su riƙa shiga da fita, babba kuwa sai dai ya sunsuna. Bayan minti 20 zuwa 30 ki kwashe abin da ya rage. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura 40, dafaffen nama ba ya jimawa yake juyawa, ga ƙuda ga tururuwa. Kwanakin farko muzurun zai dame ki da kuka a bakin ƙofa. Ki daure, zai saba.

Sai abin da ake zubawa. Kyanwa maciyar nama ce ta dole. Akwai wani sinadari, taurin, da jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, kuma a nama ake samunsa, babu shi a gero ko dawa ko masara. Rashinsa na kawo makanta a hankali, kuma a 1987 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka tabbatar yana sa zuciyar kyanwa ta saki ta raunana. Tuwo na cika ciki ne kawai. Kyanwar da ke rayuwa a kansa, ɓeraye da ƙadangarun da take kamawa ne ke riƙe da ita. Miyar kuwa ta fi tuwon haɗari, domin albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ga gishiri da magi. Haka ragowar kilishi da tsire. Dabara mai sauƙi: ki tsame nasu naman daga tukunya tun kafin ki zuba kayan miya. Ba sai tsoka mai tsada ba. Zuciya da ƙundun kaji da guntayen da ake samu a wurin mahauta sun wadatar, kuma zuciya na cikin waɗanda suka fi taurin. Hanta kaɗan sau ɗaya a mako. Yawanta na sandarar da ƙashin wuya. Kifi a dafa, a cire ƙaya. Nama zalla ba shi da isasshen sinadarin ƙashi, don haka ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka ya yi laushi, ki barbaɗa kamar ƙaramin cokali ɗaya a kan kilo guda na nama. Madara ki daina. Yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Mai jego ba a auna mata. Tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da take ci a da, ki ba ta sau huɗu a yini, ta ci ta bari. Ƴaƴan a mako biyar sun isa fara ci: dafaffen nama ko ƙwai a farfasa da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu mai kauri, sau huɗu, har su kai mako takwas su bar nono. A ba su maganin tsutsar ciki tare da uwar.

Tsohuwar ce ta fi tsaya mini a rai. Kyanwa asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta da yawan shan ruwa. Duk wadda ta tsufa, ta rame, kuma ta tare a gindin randa, akwai abin da ke cin ta. Mafi yawa ciwon ƙoda ne, amma ciwon suga da wata cutar ƙullun maƙogwaro da ke ƙone abinci da sauri duk haka suke farawa, kuma abincin kowanne daban ne. Ido ba ya bambance su, sai an gwada jini da fitsari. Kada ki rage mata nama bisa zato. Na sha ganin an yi haka da kyakkyawar niyya, dabbar ta ƙara zubewa. Abin da za ki iya yi tun yau shi ne ki janye kan kifi da ƙashi, domin suna da sinadarin fosforas da yawa, wanda ƙodar da ta gaji ba ta iya fitarwa. Ki ba ta nama mai laushi da romonsa marar gishiri, da dafaffen farin ƙwai, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu. Ki ɗan ɗumama, ƙanshin ne ke jawo ta. Ki ɗaga leɓenta ki duba: jan dasashi ko ruɓaɓɓen haƙori kaɗai na iya hana ta ci. Ruwa kuma kada a hana ta ko sau ɗaya, a ajiye shi wuri biyu ko uku, nesa da abinci. Kuma don Allah kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Muzurun kada a yi masa horon yunwa. Kyanwa mai ƙiba idan ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse kan taru a hantarta, kuma yana kisa. Ki yanke tuwon, ki rage masa kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake ci, ki raba sau uku. Raguwar da ake so ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa a mako: mai kilo 6, kamar giram 60 ke nan. Ki riƙa shafa gefensa; ranar da kika ji haƙarƙari a ƙarƙashin yatsunki ba tare da dannawa ba, ya iso. In kuma kika gan shi yana yawan tsugunawa yana yunƙuri, fitsari bai fita ba, wannan ba ya kwana, a kai shi wurin likita a ranar.

Idan kina sayen abincin kyanwa na leda, na ƴan kyanwa shi ne na mai jego da ƴaƴanta, ba na muzuru ko tsohuwar ba, kuma duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin mako guda.

Tsohuwar dai kada makon nan ya ƙare ba a duba ta ba. Ki auna ruwan da take sha na kwana biyu. Lafiyayyar kyanwa mai kilo 4 ba ta cika wuce rubu'in lita a yini ba. Ki rubuta abin da kika gani, ki sa ta a kwando mai murfi, ki kai ta wurin likitan dabbobi da sanyin safiya.