Amsar tambaya kan kalmar "accredit"

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ga tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Kin ce a tallan jami'ar da za ki nema an rubuta "fully accredited by NUC" (NUC ita ce hukumar kula da jami'o'in Najeriya), kina son sanin ma'anar accredit ɗin.

To, kalmar aikatau ce. Hukuma mai iko ta zo ta duba abu, ta gamsu, sannan ta ce a hukumance ta yarda da shi. A rediyo sai ki ji an ce "tantancewa", amma ni a ganina wannan rabin maganar ce, don ana iya tantance mutum a ce bai cika sharaɗi ba. Wanda aka yi accrediting kuwa an duba shi kuma an amince. Tushenta ma yarda ne, daga Latin credere, gida ɗaya da credit, wato bashi. Ai sai wanda aka yarda da shi ake ba bashi, ko ba haka ba?

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. NUC kwas-kwas take bi, ba jami'a dungurungum kaɗai ba. Jami'a tana iya samun lasisi alhali kwas ɗin da kike so bai samu amincewa ba. Sakamakon iri uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi ta shekara 2, ko a hana gaba ɗaya, a dakatar da ɗaukar sabbin ɗalibai a kwas ɗin. Saboda haka kada tallan ya ruɗe ki, tambayi sashen naki takamaimai, kar a gama karatu a zo bautar ƙasa a sha wahala. In poly ce, NBTE ke yi, kwalejin ilimi kuma NCCE.

Ana amfani da ita a wasu wurare ma. Ranar zaɓe, kamar 2023 da aka sa na'urar BVAS, wanda na'urar ta gane yatsansa ko fuskarsa shi ne accredited voter. Jakada kuma a ce "accredited to Niger", wato an tura shi Nijar a hukumance. Ki lura, wanda ya amince "by" ake sa masa, inda aka tura mutum kuma "to".

Af, wajen rubutu: c biyu, t ɗaya, ko da kin ce accredited. Allah ya ba da sa'a, ki gaida Umma.