Ki Tambaya Mu Amsa: Gabana yana faɗuwa, aiki kuma ya fita raina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi, 'ya'yana uku, ƙaramin watansa biyar. Tun da na koma aiki bayan haihuwa gabana yake faɗuwa ba gaira ba dalili, barci ba ya ɗaukata sai gab da asuba. Aikin da nake ƙauna a da ya fita raina, har tsawa nake yi wa marasa lafiya. Wata abokiyar aiki ta ba ni maganin kwantar da hankali, diazepam, a gida kuma an ce a yi mini ruƙiyya. Ko dai in ajiye aikin ne? Daga Maman yara, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Ki ba kanki sati shida zuwa takwas ki gyara abin da zai gyaru, sannan ki yanke hukunci da kai a natse.

Ki fara da gwajin jini. Ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo bugun zuciya da kasala, haka ma matsalar thyroid, wato ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, wanda kan rikice wa wasu mata a shekarar farko bayan haihuwa. A duba miki PCV (gwajin yawan jini) da TSH (gwajin thyroid) da sukari, a auna hawan jini.

Idan duk sun fito lafiya, ki lura da kanki ranar da ba ki da aiki. Kina samun sauƙi, sai daren da za ki koma gaban ya sake faɗuwa? To wannan gajiyar aiki ce mai cin rai, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita rai, da raguwar ƙwazo. Maganinta yana cikin sauya tsarin aikin. Amma idan ko a gida babu sauƙi, kin kai sati biyu cikin baƙin ciki, kuka ba dalili, ba kya jin daɗin komai har da jaririn, muna zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana warkewa. Ki je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa ya raka ki asibiti a ranar.

Diazepam ɗin nan ya fi damun mu. Yana kwantar da hankali na 'yan awoyi, amma jiki na sabawa da shi cikin 'yan makonni, kuma yana bin nono ya sa jariri yawan barci da kasalar tsotso. In kwana biyu-uku kika sha, ki daina. In kin jima kina sha kullum, kada ki yanke farat ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki har da jijjiga. Likita zai rage miki a hankali. Akwai magungunan ciwon damuwa da ake ba mai shayarwa, irin su sertraline, sai dai sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsu. A nan mata da yawa ke kuskure, su watsar a kwana goma su ce bai karɓe su ba. Addu'a da azkar kuwa ki riƙe su, ba su hana ganin likita.

A wurin aiki, kada ki je wa shugabarku da "na gaji" kawai. Ki rubuta buƙata takamaimai: a cire ki daga aikin dare na wata uku, ki haɗa da takardar likita. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki, haƙƙinki ne.

A gida ki nemi barcin awa huɗu zuwa biyar a jere. Ki tatsi nono a kofi mai murfi, maigida ko ƙanwarki su ba yaron a farkon dare. Ki bar shayi da kofi da goro daga la'asar. Idan faɗuwar gaban ta taso, ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, na minti biyar. Dogon fitar da numfashin ne ke sassauta bugun zuciya.

Idan wa'adin ya cika, lafiya ta samu amma wurin ya ƙi sassauta miki, ki nemi wani aikin kafin ki bar wannan. Ki duba takardar ɗaukarki aiki ki ga sanarwar kwana nawa za ki bayar, kuma ki tabbatar lasisinki na jinya bai ƙare ba.