Amsa: Musayar naira da yuan, bashi ne China ta ba mu?

Malam Sani na Jega, ka tambaya ko musayar kuɗin babban bankin Najeriya (CBN) da China bashi ne, ka kuma haɗa da ko akwai irin wannan musaya ta dala da Amurka. Eh to, aro ne amma ta ɓangare biyu. A 2018 CBN da babban bankin China suka ƙulla yarjejeniya ta shekara 3, yuan biliyan 15 a madadin naira biliyan 720, an sabunta a 2021 da ƙarshen 2024. Su ba mu yuan mu ba su naira, in wa'adi ya cika kowa ya maida ma ɗan'uwansa kuɗinsa a farashin da aka yanka tun farko, wanda ya yi amfani da na wani kuma ya biya ruwa.

Amfanin shi ne ɗan kasuwa kamarka mai shigo da injin ban ruwa da sola don manoman shinkafar Argungu ba sai ya nemi dala ba kafin ya biya kamfani a birnin Guangzhou na China, ta bankinsa zai cika takardun odar kaya a sayar masa da yuan kai tsaye, an rage sauyi ɗaya ke nan. Amma fa ni a ganina kuɗin sun yi kaɗan in ka duba yawan kayan da muke sayowa daga can, ga wahalar takardu, shi ya sa da yawa har gobe wurin 'yan canji suke zuwa.

Batun dala da ka haɗa kuwa, babban bankin Amurka da manyan bankuna 5 kawai yake da irin wannan yarjejeniya ta dindindin tun 2013, na Tarayyar Turai, Ingila, Japan, Kanada da Suwizalan. Najeriya ba ta ciki.